Sukuwar babura marasa burki: yadda kulob ke tsara kakar wasa da renon ƙananan mahaya

A wani garejin gyaran babura da ke kusa da Ƙofar Ƙaura a Katsina, inda nake kai mashin ɗina duk lokacin da ya fara ba ni matsala, na taɓa nuna wa mai garejin wani gajeren bidiyo a wayata. Mutum huɗu ne a kan babura sun jeru a bayan wani zare, zaren ya ɗaga sama, suka fizga a tare, suka shiga kwana a karkace, tayar baya tana feshin ƙasa, ƙafar hagu tana sharar fili, kuma da ƙyar aka haura minti ɗaya har an gama. Ya karɓi wayar da hannunsa mai baƙin mai, ya maimaita sau uku, ya tsayar da hoton daidai inda babur ɗin ya fito sarai, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, ai wannan mashin ba shi da burki." Na ce masa haka ne, kuma giyarsa ɗaya ce tak. Yaran shagon uku, waɗanda babbansu bai wuce shekara 16 ba, suka ajiye sifana suka kewaye mu, kuma tambayar da ƙaraminsu ya yi ita ce ta sa ni wannan rubutu: "To, a ina suke koyo?"

Wasan da suka gani shi ne wanda Turawa ke kira sifidwe, ni kuwa na fi son in kira shi sukuwar babura, domin ya fi kama da sukuwar dawaki a kan kowane tseren inji da na sani. Fili ne mai siffar ƙwai, tsawon kewayensa tsakanin mita 260 da 425, an shimfiɗa masa niƙaƙƙen dutse da aka cakuɗa da yumɓu. Mahaya huɗu suna kewaya shi sau huɗu ta hannun hagu. Injin babur ɗin mai silinda ɗaya ne, girmansa cc 500, yana shan metanol maimakon fetur, kuma doka ta hana nauyin babur ya gaza kilo 77. A miƙaƙƙen ɓangaren fili gudunsa yakan haura kilomita 100 a awa, kuma da yake babu burki, mahayi yana rage gudu ne ta hanyar karkatar da babur ya bar tayar baya ta zame. Ana sa masa takalmin ƙarfe a ƙafar hagu, ana kuma ɗaura masa wata igiya a wuyan hannun dama wadda ke kashe inji da zarar ya rabu da babur. Wanda ya zo na ɗaya yana da maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe ba shi da komai. Wasan kulob da kulob galibi tsere 15 ne, kowane kulob yana fitar da mutum biyu a kowane tsere, ke nan maki 90 ake rabawa, wanda ya kai 46 ya ci.

Masu tarihin wasan sukan danganta farkonsa da wani taro da aka yi a West Maitland ta ƙasar Ostareliya a watan Disamba na 1923. Ya isa Ingila a 1928, aka yi gasar duniya ta farko a filin Wembley na Landan a 1936, kuma tun 1995 ake fitar da zakaran duniya ta jerin gasanni a ƙasashe daban-daban maimakon dare ɗaya. A yau cibiyar wasan ita ce Foland, sai Birtaniya da Suwidin da Denmak.

Abin da mai kallo ba ya gani shi ne cewa rabin nasarar kulob ana yin ta ne a lokacin da babu injin da ke ƙara. A Birtaniya kakar wasa tana farawa a watan Maris ta ƙare a Oktoba, sannan masu kulob-kulob su zauna a lokacin sanyi su amince da dokokin shekara mai zuwa, kuma mafi nauyin waɗannan dokoki ita ce iyakar maki. Kowane mahayi yana da matsakaicin maki da ake lissafa masa: a raba makin da ya ci da yawan tseren da ya shiga, a ninka da huɗu. Wanda ya ci maki 45 a tsere 20, alal misali, matsakaicinsa 9 ne, kuma babu wanda zai wuce 12, domin wannan shi ne lissafin wanda kullum yake zuwa na ɗaya. Kulob yana ɗaukar mutum bakwai, kuma idan aka tara matsakaicinsu ba a yarda ya haura iyakar da aka yanka ba, wadda takan kasance a kewayen 40. Bakatsine ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Sarki Usman Nagogo garin nan ya san wasan folo, inda kowane ɗan wasa yake da lambar gwanintarsa, kuma kowane kofi yake da iyakar jimillar da ƙungiya za ta shigo da ita. Hikimar ɗaya ce, wato kada mai kuɗi ya kwashe gwanaye duka ya bar sauran da kallo.

Daga wannan doka ne duk dabarar manajan kulob take fitowa. Tunda kowa daga jimilla ɗaya zai fara, wanda zai ci kofi shi ne wanda mahayansa za su fi lambarsu ta takarda a fili. Gwanin da yake da 9 zai yi wuya ya koma 11, kuma yana iya faɗowa 8 idan shekaru ko rauni suka taɓa shi. Amma yaron da aka ɗauka da 3 yana iya kaiwa 6 kafin tsakiyar kaka, kuma wannan ƙarin maki uku a kowane wasa kyauta ne da doka ba ta caje shi ba. Akwai kuma wata ƙofa da dokar Birtaniya ta buɗe: mutum biyu na ƙasan jeri, masu lamba 6 da 7, ana iya sa su a madadin wani abokin wasansu har su yi tsere bakwai a dare ɗaya. Saboda haka idan yaro ya samu sa'ar inji kuma zuciyarsa ta tsaya, manaja zai riƙa cire babban da ke lalube yana saka shi, kuma sau da yawa a nan ake cin wasa. A ganina wannan shi ne wurin da renon yara ya tashi daga aikin alheri ya koma lissafin cin kofi, kuma kulob ɗin da ya gane haka ba ya jiran a roƙe shi ya buɗe makarantar koyon hawa.

Bayan an haɗa mutum bakwai sai a shiga rigimar ranaku. Manyan mahaya ba na kulob ɗaya ba ne; mutum ɗaya yana iya hawa wa kulob a Ingila ranar Litinin, ya kwana a hanya ya hau a Suwidin ranar Talata, ya koma Ingila ranar Alhamis, ya ƙare mako a Foland ranar Juma'a ko Lahadi, yayin da Denmak ta riƙe Laraba. Ƙasashen sun raba ranakun mako ne don kada su yi karo a kan mutum ɗaya, kuma da yake Foland ce ta fi biya, ita ce maganarta ta fi nauyi. Sannan ga ruwan sama, wanda idan ya jiƙa fili fiye da kima dole a ɗage wasa, domin laka tana rufe gilashin ido kuma taya tana kama ƙasa ba zato. Kulob mai hankali yana barin ranaku a buɗe tun farko don wasannin da za a ɗage, in ba haka ba sai ya tarar da kansa a watan Satumba yana wasa uku a mako da gajiyayyun mutane da injuna da suka wuce lokacin gyara. Idan mahayi ya ji rauni, wanda kusan babu kakar da ke wucewa ba a samu ba, dokar Birtaniya ta yarda a aro wani daga wani kulob mai kusan lambarsa, ko abokan wasansa su raba tserensa a tsakaninsu.

Batun kuɗi gajere ne amma mai ɗaci. Mahayi shi ke sayen baburansa, shi ke biyan bakanikensa da mai gyaran injinsa da kuɗin motar da ke ɗaukar kaya, kulob kuma yana biyansa ne galibi gwargwadon makin da ya ci. Kulob ɗin da kansa yana rayuwa ne da kuɗin ƙofa da na masu ɗaukar nauyi da abin da talabijin ta bayar, kuma kafin a tayar da inji ko ɗaya sai ya biya hayar fili da inshora da likita da motar asibiti da tarakta da tankar ruwa. Babban raunin kulob-kulob na Ingila shi ne da yawansu 'yan haya ne. Filin Coventry ya rufe bayan kakar 2016, Wolverhampton da Peterborough kuma suka rasa nasu a ƙarshen 2023, duk da cewa suna da magoya baya da tarihi. A Foland kuwa yawancin filayen na hukumomin birane ne, kuma biranen suna ɗaukar kulob a matsayin tutar garinsu. Wanda bai san ko zai samu wurin wasa baɗi ba, da wuya ya kashe kuɗi a kan yaro ɗan shekara goma da ba zai amfane shi ba sai bayan shekara shida.

A nan ne nake so in daɗe, domin bambancin ƙasashen biyu darasi ne a fili. Babbar gasar Foland, wadda ake kira Ekstraliga, tana da kulob takwas, kuma doka ta tilasta wa kowannensu ya ware gurbi biyu ga matasa 'yan ƙasa da ba su wuce shekara 21 ba, tsere na biyu a kowane wasa kuma nasu ne su kaɗai. Kulob ba shi da hanyar kauce wa wannan, don haka ko dai ya reni nasa yaran ko ya saya da tsada daga wanda ya rena. Sakamakon yana rubuce a tarihin gasar. Unia Leszno ta ci kofin ƙasa sau huɗu a jere daga 2017 zuwa 2020 da mahaya irin su Piotr Pawlicki da Bartosz Smektała, waɗanda a makarantarta suka koyi hawa, kuma dukansu sun ci gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 21, na farkon a 2014, na biyun a 2018. Bartosz Zmarzlik, wanda ya fara zama zakaran duniya a 2019, ya maimaita a 2020, sannan ya jera 2022 da 2023 da 2024, ɗan makarantar Stal Gorzów ne, kuma yana ɗan shekara 17 aka ba shi gurbin baƙo a gasar duniya da aka yi a filin garin a 2012 ya zo na uku. Ba daga sama ya faɗo ba. Gurbin da doka ta ware ne ya sa shi gogayya da manya tun yana ƙarami, a gaban dubban mutanen da suka san sunansa.

Su ma Folawan sun tarar da rami a tsarinsu. Yaron da ya cika shekara 22 yakan wayi gari gurbin ya kuɓuce masa, ga shi bai kai ya ƙwace na manya ba, kuma da yawa a nan suke ajiye hular kwano. Shi ya sa a 2021 suka ƙara dokar cewa kowane kulob ya sa mutum ɗaya da bai wuce 24 ba a cikin manyan. Birtaniya ma a wannan shekarar ta shigo da nata tsarin na ware gurbi ga matashi ɗan ƙasa, bayan ta daɗe tana cike guraben ƙasan jeri da mahayan waje masu araha a lissafi, ga kuma ƙaramar gasa da take da ita ta masu tasowa. Ina ganin ta makara, amma gara makara da ƙin zuwa.

Tsanin da yaro ke hawa shi ma an yi masa matakai da gangan. A Denmak da Suwidin yara suna farawa da ƙananan injuna na cc 50 da 85 a kan ƙananan filaye da aka gina musu, a Birtaniya kuma gasar matasa tana da ajin 125 da 250 da 500. Hukumar tseren babura ta duniya, FIM, tana da gasar 'yan ƙasa da 21, da ta 'yan ƙasa da 16 a kan inji 250, sannan a 2023 ta ƙara ta ƙananan yara a kan inji 190, wanda Tony Rickardsson na Suwidin, mai kofin duniya shida, ya sa hannu wajen tsara baburinta. Dalilin matakan shi ne ƙarfin injin 500 ya fi ƙarfin jikin yaro da hankalinsa, kuma wanda aka ɗora a kai da wuri abin da zai fara koya shi ne tsoro. Sai a kewayen shekara 15 zuwa 16 ake barinsa ya hau babba a gasa, bayan ya samu lasisi. Kafin nan ya shafe shekaru yana koyon abubuwan da ba su da armashin kallo: yadda ake sakin kuloci daidai lokacin da zare ya ɗaga ba tare da ya taɓa shi ba, yadda ake duba fili a gane inda ƙasa ta taru da inda ta yi santsi, yadda ake canza haƙorin sarƙa idan fili ya bushe, da kuma yadda ake kwantar da babur da gangan idan wani ya faɗi a gabanka. Wannan na ƙarshen shi ne burkin da babur ɗin ba shi da shi, kuma malamin kirki ba ya barin yaro ya shiga tsere da wasu sai ya ga ya iya shi.

Akwai wani abu da nake son kallo fiye da gudun kansa. Idan babban mahayi da yaron kulob ɗinsu suka fita gaba tare, sai ka ga babban yana waiwaye a tsakiyar kwana, ya sassauta, ya buɗe zuwa bakin shinge ya toshe hanyar waje, ya bar wa yaron layin ciki, su tafi kafaɗa da kafaɗa har ƙarshe abokan hamayya suna shan ƙura a baya. Maki biyar da ɗaya ke nan. Dokar Birtaniya tana ba wanda ya biyo bayan abokinsa a irin wannan yanayi ƙarin maki na biya, don kada babban ya yi asarar kuɗi saboda ya kare ƙaninsa. Wanda ya tsara wannan doka ya san cewa koyarwar da ta fi shiga ita ce wadda ake yi a cikin fili, kuma ya san ba a gina ta a kan kirkin mutum kaɗai.

Duk da haka wasan yana da haɗari na gaske, kuma ba zan ɓoye ba. Lee Richardson na Ingila ya rasu bayan faɗuwa a Wrocław a 2012, Darcy Ward na Ostareliya kuma, wanda ake ganin zai zama zakaran duniya, ya samu raunin laka a Zielona Góra a 2015 yana ɗan shekara 23, bai sake hawa ba. Shingen iska da ake hurawa a jera a kwanoni ya rage munanan raunuka, kuma ba a fara wasa sai da likita da motar asibiti a wurin, amma haɗarin bai gushe ba.

To, me ya haɗa mu da wannan a Katsina? Ɗan yayata yana da shekara 15 lokacin da ya karye a cinya a rakiyar ango, yana ɗaga tayar gaba a kan kwalta, babu hular kwano, ga motoci ta ko'ina. Da na je duba shi na fara yi masa faɗa, sai ya ce, "Kawu, wallahi na iya, wani ne ya shigo mini." Na yi shiru, domin gaskiya ya faɗa ta wani ɓangare: ya iya, kuma babu inda zai nuna iyawar sai titi. Duk wanda ya zauna a garin nan ya ga irinsa a ranakun biki da na Sallah, kuma ya san tsawa da kamu ba su hana ba. Waɗannan yaran suna da abin da makarantun Leszno da Gorzów ke nema, wato daidaiton jiki a kan babur da ƙarfin zuciya, ga kuma sanin inji da suke samu a gareji tun suna ƙanana. Abin da suka rasa shi ne fili da malami da doka.

Idan wata rana masu hali da hukuma suka yi niyyar kafa kulob a nan, kalandar Turai ba za ta yi mana aiki ba, sai dai mu juya ta. Damina daga Yuni zuwa Satumba lokacin hutu ne da gyaran fili da neman masu ɗaukar nauyi, wasa kuma ya kama daga Oktoba zuwa Fabrairu, kafin zafin bazara ya sauka, domin mutumin da ke cikin rigar kariya daga wuya zuwa idon sawu ba zai jure ranar Afrilu ba. Matsalarmu za ta zama kishiyar tasu: su suna gudun ruwa, mu za mu neme shi, tunda busasshen fili a cikin hunturu ƙura ce da za ta makantar da na baya ta kori 'yan kallo, ke nan rijiyar burtsatse da tanka suna gaban sayen babur a lissafi. Dole kuma mai tsara ranaku ya duba azumi da Sallah, waɗanda ke matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, ya duba lokutan jarrabawa, ya kuma sa sharaɗin cewa yaron da ya bar makaranta ya bar fili. Babur mai cc 500 da metanol ba su ne farko ba. Ƙananan injunan da bakanikenmu suka sani ciki da waje sun isa shekarun farko, a kan ƙaramin fili na jar ƙasa da aka kewaye da abin da zai tare mutum ba tare da ya karya shi ba, da takardar amincewar iyaye, da ma'aikacin lafiya a wurin duk ranar horo. Kuma tun ranar da za a rubuta dokar gasa ta farko, ko da ƙungiyoyi uku ne, na Katsina da Daura da Funtuwa, a rubuta gurbin yara a cikinta, domin abin da Foland ta tilasta tun da wuri shi ne Birtaniya ta dawo tana nema bayan ta yi asarar shekaru.

Mai garejin nan na Ƙofar Ƙaura, da na koma karɓar mashin ɗina bayan kwana biyu, ya riga ya yi nasa lissafin. Ya nuna mini wani tsohon firam da ke jingine a bango, ya ce idan aka cire fitila da kariya da sit ɗin baya, aka rage tanki, aka sa faffaɗan kan babur, nauyin zai ragu sosai, igiyar kashe inji kuma aikin rabin yini ce. Takalmin ƙarfen ne ya ce sai an kai wa maƙeri samfuri, ya kuma roƙe ni in samo masa hoton da ya nuna shi ta ƙasa.